Shirun da Na Yi a Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ban zauna na ci goro cikin natsuwa ba. Wannan ta yi sallama, "Goggo Mairo, yaya Kamaru?" Waccan ta tare ni a bakin famfo, "Wai da gaske ne kin zauna a gidan mutane ba ki ce uffan ba?" Na ba matan unguwarmu Majidaɗi labari, na ba na Nukkai da suka zo mini barka da sauka, har labarin ya fara zagayowa yana dawo mini da abin da ban sa a ciki ba. An ce wai an kulle ni a kan iyaka. An ce wai aljani na sayo a gwangwani. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Saratu, mai koyarwa a firamare, na ce ta zo da alƙalami. Ni ban taɓa shiga aji ba, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, don za a karanta mini, in ta canza kalma zan gane.

Wanda bai san ni ba baƙo ne. Duk wadda aka yi bikinta a Jalingo tun garin bai zama babban birnin jiha ba, ta san hannuna a kan ƙwarya. Da mai gidana ya rasu na ajiye kiɗa, amma ban ajiye baki ba. Allah ya ba ni magana, ina kuwa amfani da ita.

Abin da ya kai ni Garwa shi ne Sale, autana. Kayan babur yake sayarwa, yana kaiwa can yana sarowa nan. A can ya ga wata yarinya Aisatu, ya rikice. Ubanta ya yarda, uwarta ta yarda, amma magana ba a hannunsu take ba. Tana hannun kakarta, Maama Dudu, wadda ta raine ta tun daga yaye. Wani mai neman lada ya je ya gaya wa tsohuwar cewa uwar yaron makaɗiya ce, kuma in ta buɗe baki da hantsi sai la'asar. Tsohuwa ta ce ba za ta ba da jikarta ba sai ta ga surukar da idonta, in ba ta yi mata ba, a bar zancen.

Sale ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, abu ɗaya nake roƙo. In mun je, ki gaisa, ki yi shiru. Mutanen nan Fulani ne masu kunya, surukai ko ido ba sa haɗawa."

Na ce, "Ni za ka koya wa kunya? Lokacin da nake sunkuyar da kai a gaban kakanka, kana ina?"

Ya ce, "Kin ga irinta ko, Inna."

Na yi masa alkawari. Muka tashi mu huɗu: ni, da ƙanwata Talatu, da Malam Garba ƙanen mai gidana wanda zai nemi auren a wajen maza, da shi Salen.

Daga Jalingo zuwa Yola ba abin da zan faɗa muku da ba ku sani ba. A Zing direba ya tsaya, wai zai duba taya, ashe doya zai saya. Ya loda ta a ƙarƙashin ƙafafunmu har gwiwata ta kusa taɓa haɓata. Na gaya masa ra'ayina a kan haka tun daga nan har Mayo Belwa, Sale yana ta taɓa ni yana cewa, "Inna, gwaji, ki fara gwaji tun yanzu." Na ce ba a gwajin shiru da doya a ƙarƙashin mutum.

A Jimeta muka canza mota, muka hau akori-kura mai zuwa Gurin, bakin iyaka. Nan aka zaunar da ni kusa da wata mata, cikakkiya, ta sha ɗaurin ɗankwali, daga baya na ji ma'aikaciyar jinya ce a Garwa. Na gaishe ta, ta gyaɗa kai. Na ce mata gwiwa na damuna, ta gyaɗa kai. Na ce a raina, yau ga 'yar mutunci, mai sauraron manya. Sai na kwance mata labarin Sale tun daga haihuwarsa. Inda abin tausayi yake sai ta lumshe ido ta girgiza kai a hankali. Inda na yi fushi sai in ga yatsanta na bugun cinya, na ce ita ma abin ya ɓata mata rai. Tunda nake ban taɓa samun wanda ya saurare ni haka ba, har na yi niyyar in tambaye ta ko tana da ƙanwa, in wancan auren ya ƙi.

Muna isa Gurin ta ɗaga gefen ɗankwalinta, ta zaro wasu baƙaƙen abubuwa biyu kamar ƙwallon dabino daga kunnuwanta, da siririyar igiya a jiki. Ta dube ni ta ce, "Mama, kin yi magana ne?"

Talatu ta yi dariya har ta zame daga kan buhu. Matar ta buɗe jaka ta nuna mana wani abu kamar murfin kwano, ta ce waƙa take ji, faifai ne a ciki. Na ce faifan da na sani biyu ne, na rufe tuwo da na garmaho, kuma ba wanda ake cusawa a kunne. Na ƙara da cewa a garinmu in mutum yana da rediyo tsakar gida yake ajiyewa kowa ya ji, wannan kuwa daidai yake da ka ci abinci a gaban mutane ba tayi. Ta ce, "Haka ne, Mama," ta mayar da abinta kunne.

Kogin Faro da kwalekwale ake haye shi. Malam Garba, wanda tun daga gida yake ba mu labarin yadda ya yi iyo a Binuwai yana saurayi, da ya ga ruwa sai ya zauna a tsakiyar jirgi ya rungume buhun goron da za mu kai, yana jan duk addu'ar da ya sani. Na ce, "Malam, ka bar wa sauran musulmi wasu mana." Ya ce, "Mairo, ki zauna daidai, maganarki na karkata jirgin."

A ƙetare muka tarar da jandarma, wato 'yan sandan can, a ƙarƙashin rumfa. Wani dogo ya karɓi takardunmu ya duba, sannan ya tambaye ni da Fulatanci ina za ni. Wanda ya tsufa a Jalingo ai ba a sayar da shi da Fulatanci. Mutum ya tambaye ka ina za ka, dole ka gaya masa dalili, dalili kuwa yana da tushe. Na fara daga Katsina inda kakanmu ya taso. Bawan Allah ya ja benci ya zauna, ya kira abokin aikinsa. Da na zo kan Maama Dudu suka rabu biyu, ɗaya ya ce tsohuwar tana da gaskiya, ɗaya ya ce zalunci ne. Kafin mu tashi na ba dogon shawara a kan wandonsa, na ce matsewar ta yi yawa ga wanda yake son zuriya. Ya yi dariya ya ce "mersi", wato godiya. Muka fito, ashe motar Garwa ta cika ta tafi, kuma babu wata sai gobe.

A gidan yayar mai kwalekwale muka sauka. Ta yi mana tuwon dawa da miyar da suke kira folere, na ɗanɗana na ce mata wannan ai yakuwa ce aka sa wa suna. Ta sa kifi a ciki, ba laifi, amma gishirinsu na jin tsoron tukunya. Sale bai ci ba. Ya zauna a kan turmi yana kallon ƙasa, can ya ce, "Inna, jandarma ma ba ki ƙyale ba. Mu koma gida kawai, ya fi a kore mu."

Ban ce komai ba, kuma wannan ne shiruna na farko a tafiyar. Na ga idon yaron nan, na san in auren nan ya lalace ta dalilin bakina, zai yafe mini, amma ba zai ƙara zama ya yi hira da ni kamar da ba.

Talatu ce ta ce, "Yaya, ba bakinki ne matsala ba, kunnenki ne. Abin da kika ji shi kike amsawa. A toshe kunnen da irin abin matar nan."

Na ce, "Ni? Da furfurata?"

Ta ce, "Furfurar ai a ƙarƙashin ɗankwali take. Igiyar ma nan za ta shiga."

Garwa gari ne babba, mai tituna da inuwar itatuwa, amma mutanensa suna da abubuwan mamaki. Mata na tuƙa babur da kansu, jaka a kafaɗa, ba mai kallonsu. Rana na take tsaka sai masu kanti su ja ƙofa su tafi barci, wai hutu, ko da kuɗi a hannunka. A Jalingo mai shago in ya ga ciniki ko liman ya tayar sai ya ce ka jira shi, kada ka tafi. A gidan mai masaukin Sale aka kawo mana karin kumallo, burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri, da kofi a kwano. Na ɗauka na korar kare ne. Uwargidan ta nuna mini yadda ake tsoma shi, na tsoma, ya yi laushi, kuma gaskiya yana da daɗi, sai dai ya tafi mini da rabin haƙori. Da rana kuma aka kawo gasasshen kifi da wani rogo da aka naɗe a ganye aka ɗaure da zare kamar laya. Warinsa ya riga shi isowa. Malam Garba ya ci uku yana cewa ba shi da daɗi.

Sale ya kai mu kasuwa neman irin abin matar nan, shagon wani mutumin kudancin ƙasar, mai ƙiba, wanda yake Fulatanci kamar yana tauna doya mai zafi. Ya fara kawo mai kaset. Aka sa mini 'yan kunnen, sunan da na raɗa wa abin cusawa a kunnen ke nan, aka kunna. Kafin kiɗa ya fara sai na ji shuuu kamar ana suya a maƙwabta, kiɗan kuma kamar an lulluɓe makaɗan da bargo. Na ce wannan ba zai riƙe ni ba, in kiɗa ba shi da kyau haushi nake ji, in na ji haushi magana nake yi. Talatu kuma ta ƙi shi don in kaset ya ƙare yakan yi ƙwas, kuma sai an juya shi. Ta ce, "A gaban surukai za ki ɗaga zane ki juya kaset?"

Sai mai shagon ya kawo masu faifai, sidi suke ce masa. Faifan kamar madubi, mai shagon ya ce kada in taɓa fuskar da ke walƙiya, ta gefe ake riƙewa, kuma kada a bar shi a rana. Na farko mai araha ne, muryarsa siririya kamar sauro a gwangwani, kuma yana yoyo, Talatu tana bakin ƙofa tana jin abin da nake ji. Muka ture shi. Na biyu muryarsa ta yi, amma da na gyara zama sai waƙar ta kama in'ina. Mai shagon ya ce sai dai in riƙe shi a kwance kamar kwanon koko. Na ce ni ba gunki ba ce, ina da gwiwa mai ciwo. Ya shiga ciki ya fito da na uku, ya ce wannan yakan haddace waƙar kafin ya faɗe ta, ko an girgiza shi ba ya tuntuɓe. Na girgiza shi kamar ina tankaɗe, bai ko yi tari ba.

Abin da ban sani ba, 'yan kunnen ma suna da nasu hali. Ya canza mini wasu a jikin na'ura ɗaya, sai ka ce an canza makaɗa. Akwai masu baka da ake ɗorawa a ka, sun fi duka, amma ɗankwalin da zai rufe su sai dai rawani. Muka zaɓi ƙanana masu laushi, waɗanda ba sa fitar da sauti waje. Ya nuna mini na dama da na hagu, ya ce kowanne da aikinsa. Ya ce a sa batir mai kyau, na tocila ba ya jimawa, kuma kada in ƙure murya don kunne ba shi da na canji.

Saura waƙa. Ya sa mini ta mutanen Kwango, na ce wannan kafin a gama gaisuwa na tashi tsaye. Ya sa ta Turawa, goge ne da yawa suna kuka tare, ba mai rarrashin wani. Sannan ya sa ta wata mata 'yar ƙasar Mali.

Jama'a, na yi shekaru ina kiɗa, na ji rediyo, na ji garmaho, na ji lasifikar biki, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ƙwarya ta taso ta kunnen hagu, sai da na waiwaya in ga wa ke bayana. Wani abu mai tsirkiya kamar molo ya shigo ta dama. Matar kuwa a tsakiyar kaina ta zauna. Ina jin zoben mai ƙwaryar yana taɓa ƙwarya, ina jin mai waƙar tana jan numfashi kafin ta ɗauko baiti. Ban san yarenta ba, amma na san uwarta take tunawa. Mai ƙwaryar ta iya. Ban ce ta fi ni ba, amma ta iya.

Na ce, "Talatu, wannan ya yi." A ganina a hankali na faɗa. Mai sayar da agogo a shagon gaba ya saki abin da ke hannunsa, wata mai talla ta tsaya. Mai shagon ya ce haka abin yake, wanda ya sa shi ba ya jin muryarsa, sai ya yi ta ihu. Nan muka yi shawara: ba zan buɗe baki ba sai Talatu ta ba ni alama. In ta mintsine ni a cinya in ce "jam", wato lafiya. In ta taɓa bayana in ce "amin". Duka a hankali. Da Sale ya ji kuɗin abin sai da ya dafa bango, amma ya biya.

Bayan la'asar muka tafi gidan. Maza suka tsaya a zaure, aka shiga da mu ciki. Gida ne mai tsabta, ƙorai a jere, yashi a share. Maama Dudu na zaune a kan tabarma, 'yar ƙarama, busasshiya kamar kuɓewar rani, amma idonta kamar na shaho. Uwar Aisatu na gefenta. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na zauna, na ja mayafi, na laluba ta cikin zane na danna abin.

Abin da ya biyo baya Talatu ce ta ba ni labari, don ni ina ƙasar Mali. Ta ce tsohuwar ta fara da cewa, "An ce ke makaɗiya ce." Na sunkuyar da kai ina murmushi. Ta ce, "An ce mutanen Jalingo ba su san nono ba, sai doya." Na lumshe ido. Ta ce ɗana ya cika rama, ko ba a ba shi abinci ne a gida? Wannan da na ji shi, wallahi da sai an kira jandarman nan. Amma na gyaɗa kai a hankali. Ta ce yaya hanya, Talatu ta mintsine ni, na ce "jam". Komai na tafiya daidai, har uwar yarinyar ta fara kallona da girmamawa.

Sai tsohuwar ta yi ajiyar zuciya ta ce ita dai ta tsufa, kwananta sun kusa ƙarewa. Daidai nan ƙuda ya sauka a bayana, Talatu ta manta ta kai hannu ta kore shi. Na ce, "Amin."

Talatu ta ce kowa a ɗakin ya juyo yana kallona. Ta yi ta kame-kame, wai ina nufin Allah ya sa a cika da imani. Ni kuwa a lokacin mai ƙwaryar ta shiga wani salo, kafaɗata ta fara motsi, Talatu ta danne mini mayafi da gwiwa.

Ga abin da mai shago bai gaya mini ba. A kaset, ko waƙa ta ƙare shuuu ɗin nan yana nan yana rufe kunne. A wannan faifan kuwa, tsakanin waƙa da waƙa shiru ne tas, kamar an ɗauke ruwa. A cikin wannan ɗan shirun na ji muryar Maama Dudu. Ba da ni take ba, da uwar yarinyar take, kuma ba ta ko rage murya ba.

Cewa take, "Baiwar Allah kurma ce, suka ɓoye mana. Ni da nake tsoron surutu. Yarinyar nan ba ta taɓa kwana nesa da ni ba. Ta tafi ƙasar mutane, miji kullum yana kan hanya, ciwo ya kama ta ko naƙuda, ta yi kira, wa zai ji ta? Tashi ki gaya wa maza su ba baƙi haƙuri."

Waƙa ta gaba ta taso. Na ga uwar Aisatu ta miƙe tana neman takalmi. Na dubi kaina: mace mai jikoki, wadda ake tashi a ba ta wuri a Majidaɗi, za ta zaro igiya daga ƙarƙashin ɗankwali a gaban surukai kamar ɓarauniyar kaza. Na tuna Sale a kan turmi. Na fizge ɗan kunnen hagu na ce, "Mi ɗon nana!" wato ina ji.

Na manta na dama yana ciki. Kajin da ke tsakar gida suka watse, uwar yarinyar ta saki takalmi ɗaya.

Na zare ɗayan, na fito da abin daga cikin zane na ajiye a gaban tsohuwar. Na ce, "Maama, ni ba kurma ba ce. Ina ɗakina nake sanin wadda ke daka a gida na uku, kuma in gaya miki gero ne ko dawa. An ce kina tsoron bakina, shi ne 'ya'yan zamani suka toshe mini kunne, ni kuma na yarda don yaron nan ya daina ramewa. Surutu ina da shi, ba zan ɓoye miki ba, ki tambayi jandarman bakin Faro. Amma ɗakin jikarki jikin nawa zai kasance. In ta yi tari zan ji. In ta yi kuka a cikin filo zan ji, kuma wanda ya sa ta kukan zai ji ni, ko da ni na haife shi. Kaɗaici kam ba za ta yi ba. Abin da za ta nema a gidana hutu ne."

Tsohuwar ta dubi abin da na ajiye a gabanta. Sannan ta ce, "Duk maganar da na yi, waƙa kike ji?"

Na ce, "Waƙa nake ji."

"Na ce kwanana sun kusa, kika ce amin."

Na ce, "Wannan ƙuda ne, Maama."

Ban ga alamar dariya a fuskarta ba. Ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni in ji abin da ya fi maganata daɗi."

Na matsa na ɗaga mata gefen ɗankwali, na sa na dama a dama, na hagu a hagu, na mayar da faifan zuwa farkonsa na danna. Ta zabura ta waiwaya hagu. Na ce a raina, kin ji ta ke nan. Sai idonta ya tafi wani wuri. Can na ga babban yatsan ƙafarta yana motsi a kan tabarma. Bafulatana mai kunya, a gaban suruka!

Uwar Aisatu tana tsaye da takalmi ɗaya, ta ce, "Maama, me zan gaya wa maza?" Shiru. Ta sake tambaya. Shiru. Talatu ta ce mini a kunne, "Yaya, ko in mintsine ta?" Matar ta durƙusa ta taɓa gwiwar tsohuwar, ta nuna zaure da hannu.

Maama Dudu ta buɗe baki, da muryar da ban san tana cikin wannan ɗan jikin ba, ta ce, "A ba su! Amma wannan abin ba zai haye Faro ba!"

Ba a buƙaci ɗan aike ba. Daga inda muke muka jiyo Malam Garba ya ja fatiha a zaure.

Da za mu fito, wata yarinya ta leƙo ta bayan labule, doguwa, idonta ya yi ja, ashe Aisatu ce. Ta durƙusa ta ce da ƙaramar murya, "Inna, da gaske za ki ji ni?" Na ce, "Ga shi kuwa na ji ki, ke da ko sauro ya fi ki murya."

Haka na dawo Jalingo hannu wofi, ba faifai ba 'yan kunne. Ina kewar matar Malin nan, wani lokaci ina tsintar kaina ina buga salon mai ƙwaryar a kan murfin tukunya. An sa biki bayan ƙaramar salla, yanzu haka magini na gina ɗakin amarya a jikin nawa. Na ce masa bangon da ke tsakani kada ya yi kauri. Sale ya zagaya ya ce masa ya ninka bulo. Jiya maginin ya zo ya tsaya da cebur a hannu, ya ce, "Goggo, maganar wa zan bi?"

Na ce, "Shi mata aka ba shi. Ni amana aka ba ni. Jera bulo ɗaya."